Ƙananan Kalmomin Turanci da Suka Sha Kayar da Ni

Ƙaura Namoda,
ranar Lahadi, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗiyata Zulaihatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya kamar yadda muke a nan. Allah ya tsare min ke a inda kike, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Labarin gida kuwa, Sani direba zai ba ki da baki idan ya sauke waken babanki a Anaca ya biyo ta wurinki, don ya fi ni iya zuba. Ni abin da ya zaunar da ni daban ne.

Na karanta takardarki. Kin ce da aka tashi daga sansanin masu bautar ƙasa an tura ki wata sakandare ta ƙauye, shugaban makarantar ya ce ba su da malamin Turanci, ke za ki riƙe ƙananan azuzuwa, alhali harkar kasuwanci kika karanta a kwalejin fasaha ta nan Ƙaura. Kin ce manyan kalmomi ba sa ba ki tsoro, ƙananan nan ne suke harɗe miki harshe, su "in" da "on" da "at" da "for" da 'yan'uwansu. Kuma na ga inda kika danne biro da ƙarfi, wurin labarin yarinyar nan ta sansani da kika ce wa "I came with bus", ita kuma ta tambaye ki a gaban mutane ko a ɗakinku motar ta kwana.

Na yi dariya, Zulai, ki yi haƙuri. Ba ke na yi wa ba. Kaina na tuna. Tun kafin a haife ki nake aikin jinya da ungozoma, kullum cikin Turancin likitoci, kuma babu wata doguwar kalmar magani da ta taɓa kayar da ni. Waɗannan 'yan mitsi-mitsin ne suka sha kai ni ƙasa. Kawunki Malam Isiyaku ya ce a Larabci haruffan jarri ake ce musu, kuma ko a can su ne ke tona asirin ɗalibi. Bari in ba ki tawa faɗuwar, ki tsinci abin da za ki tsinta.

Wurin aikina na farko asibitin Zurmi ne, lokacin duk muna cikin jihar Sakkwato. Likitanmu wani ɗan Indiya ne, dogo, mai saurin magana, ba ya jin Hausa sai "sannu" da "ina ciwo". Ni ce ke tsayawa tsakaninsa da marasa lafiya. Wata rana cikin damina aka zo da wani dattijo daga Birnin Tsaba, Malam Nomau, fartanya ta sare shi a ƙafa. Likita ya wanke ciwon, ya ɗinke, ya ɗaure, ya ba shi ƙwayoyi, sannan ya ce da ni yana rubutu, "Tell him to come back in a week."

Ni kunnena ya kama "come back", ya kama "week". Abin da ke tsakaninsu ya wuce ni kamar sauro. Na juya na ce, "Baba, likita ya ce ka riƙa zuwa kullum har mako guda."

Ya dube ni, ya dubi ƙafar. Ya ce, "Ɗiyata, kullum-kullum? Gerona na cikin haki hwa."

Na ce, "Haka likita ya ce, Baba."

Ya ce, "To, likita ya hi ni sani."

Haka bawan Allah nan ya riƙa hawa jakinsa da sassafe, ya taho tun daga Birnin Tsaba da ƙafa a ɗaure, ya zauna kan benci. Ni kuma in duba bandeji, in ga lafiya lau, in ce ya tafi sai gobe. Ana tsakiyar noman farko, kowa na gona, shi yana kan hanya. Sai da ya yi 'yan kwanaki yana haka likita ya hango shi, ya kira ni ya tambaya me ya dawo da mutumin nan, ko ciwon ya ruɓe ne. Na maimaita masa abin da ya faɗa, yadda ni na ji shi. Ya ajiye biro. Bai yi faɗa ba, amma ya yi magana a hankali, abin da bai saba ba. Ya ce "in a week" na nufin idan mako ya cika a dawo sau ɗaya, abin da na faɗa wa dattijon kuwa shi ne "for a week", wato makon gaba ɗaya, daga farkonsa har ƙarshe. Ya ce kuma zirga-zirgar kan jaki ba ta taimaki ɗinkin ba.

Na fita na durƙusa gaban Malam Nomau na faɗa masa gaskiya, cewa ni ce ban ji daidai ba. Na zaci zai yi fushi. Sai ya ce, "To ba komi. Jakina dai ya san hanyar Zurmi yanzu, ko ni na kwanta shi kaɗai shina iya zuwa amsar magani." Mutanen kan benci suka fashe da dariya, ni kuwa hawaye nake. Babanki, lokacin muna sabon aure, shi ya tara abokansa ranar Asabar suka je suka yi masa gayya suka fitar da geron daga ciyawa.

Tun daga ranar, in aka faɗa min magana da Turanci, kuma wani zai yi aiki da ita, sai na maimaita wa mai maganar da nawa bakin kafin in wuce da ita. Ke ma ki yi haka. In shugaban makaranta ya ce ki kawo sakamakon jarrabawa "by Friday", ki sani cewa kada ya wuce Juma'a yake nufi, ko Laraba kika gama ki kai. In ya ce "on Friday", to ranar Juma'ar ce. In ba ki tabbata wanda ya faɗa ba, ki tsaya ki ce, ranka ya daɗe, kana nufin kaza? Matambayi ba ya ɓata. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, ita kuwa ta rashin tambaya wani ne can yake hawa jaki dominta.

Daga baya na zauna na gane inda matsalar tamu take, kuma ba daƙiƙanci ba ne. Hausa ce ta yi mana gata. Mu "a" guda ɗaya ta ishe mu: a ɗaki, a tebur, a tasha, a watan azumi, a ranar Juma'a. Bature kuwa ya raba ta uku. Abin da ke cikin wani abu mai ciki, kamar ɗaki ko akwati ko gari, "in" ne. Abin da ke bisa wani abu, kamar tebur ko bango ko tabarma, "on" ne. Wurin da za ki nuna da yatsa ki ce can za mu haɗu, kamar tasha ko bakin ƙofa, "at" ne. Haka "da" ɗinmu. Mu muna zuwa da mota, mu zo da ƙanenmu, mu yanka da wuƙa, duk "da" ce. Shi ya sa bakinki ya ɗauko "with" a sansani, don Hausa kike yi a zuci kina sa mata rigar Turanci. Su "with" na abokin tafiya ne da abin da ke hannunki. Abin da ya ɗauko ki kuwa "by" ne, "by bus", "by train". Sai in da ƙafa kika zo, nan su ce "on foot", kada ki tambaye ni dalili. Ki faɗa wa ɗalibanki wannan tun ranar farko. Su ma na tabbata harshensu yana da irin nasa gatan, kuma a nan za su riƙa tuntuɓe. Ki tambaye su yadda suke faɗa da yarensu, za ki ga ramin tun kafin su faɗa ciki.

Da aka dawo da ni Ƙaura muka kama hayar gidan nan na kusa da tashar jirgi, kina tatata. A nan na haɗu da Maman Ngozi. Ke kin tashi kin gan mu kamar 'yan ɗaki ɗaya, ba ki san yadda muka fara ba. Lokacin gaisuwa ce kawai tsakaninmu ta kan katanga. Ita tana da rumfar manja da garin kwaki a kasuwa, mijinta yana gyaran rediyo, 'yarsu Ngozi sa'arki ce. Wata ranar kasuwa ina hutu a gida, na ji kukan yarinya a ƙofarsu. Yarinyar da suka bar wa ita ta kulle ɗaki ta tafi ɗiban ruwa ta daɗe. Na ɗauko Ngozi na shigo da ita, na wanke mata fuska, na zuba muku tuwo ke da ita. Sai na hango babanta zai wuce kan keke. Na ce bari in yi abin kirki, kada su dawo su rasa ta hankalinsu ya tashi. Na leƙa zaure na ce masa, da Turancina na ma'aikaciyar asibiti, "Tell your wife I am looking for Ngozi."

Ya juya keke ya taka kamar an biyo shi. Na ce a raina, wannan wane irin rashin godiya ne.

Ba a daɗe ba na ji ihu daga wajen layin dogo. Maman Ngozi ce, ba ɗankwali, ba takalmi, hannu duk manja, tana kiran sunan 'yarta. Ta bar rumfa a buɗe. Mijin ya bi bayan taragwai yana leƙawa, wasu samari sun nufi rijiyar bayan masallaci da igiya. Na fito na ce, lafiya? Ta riƙe ni tana jijjigawa, ta ce tun yaushe ta ɓace, a ina na gan ta ƙarshe. Na ce wa ya ɓace? Na ja hannunta zuwa tsakar gida. Ga Ngozi zaune ta yi dumu-dumu da miyar kuka, kina ƙoƙarin ƙwace mata loma.

Ta ɗauki 'yarta ta rungume, ta zauna daɓas a ƙasa. Da numfashinta ya dawo ta ce, "Me kika faɗa wa mijina?" Na maimaita. Ta rufe ido. Ta ce, da Hausarta mai karkata, "Maman Zulai, za ki kashe ni. Looking for, kina nema, yaro ya ɓata. Looking after, kina kula da shi. After! After!" Sai dariya ta kama ta, irin wadda ke zuwa bayan tsoro, har tana buga ƙasa. Ni ma na zauna kusa da ita muka yi ta yi. Samarin rijiya suka dawo da igiyarsu suna tsaki.

Daga ranar muka ƙulla. Ita ta koya min abin da babu malamin da ya koya min a makarantar jinya. Ta ce kada in riƙa haddace kalmar aiki tsirara, in haddace ta da abokiyar tafiyarta, kamar yadda ba a sayen takalmi ƙafa ɗaya. Ba "look" kawai ba: "look at" kallo, "look for" nema, "look after" kulawa. Ba "listen" ba, "listen to". Ba "wait" ba, "wait for". Ta ce wanda ya yi "laugh with you" abokinki ne, wanda ya yi "laugh at you" kuwa ki san zaman da za ki yi da shi. Kuma akwai inda muke cusa su ba a gayyace su ba, don Hausa tana da su a wurin. Mu muna tattaunawa a kan magana, sai mu ce "discuss about", alhali "discuss" ita kaɗai take tafiya. Muna shiga cikin ɗaki, sai mu ce "enter into the room", su kuwa "enter the room" ya ishe su.

Ni ma ban zauna hannu rabbana ba. Ita ce fa ta shekara tana ce wa mutane "zan saya maka manja" tana nufin za ta sayar musu, har wani Bafulatani ya tsaya yana jiran kyauta. Ni na raba mata saya da sayar. Ban taɓa jin ta raina ni don ta gyara min ba, ita ma haka. Saboda haka ki nemi irinta a can, cikin malaman makarantarku ko matan gidan da kike haya. Ki ce mata kai tsaye, in kin ji na karkace ki gyara min. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yarinyar sansani ma da ta ja ki gefe ta faɗa miki, ai da godiya za ki yi mata. Ki tuna da zafin da kika ji ranar, duk lokacin da yaro ya yi kuskure a ajinki. Ki gyara maganar, ki bar masa mutuncinsa.

Sai dai akwai wani ramin a ɗaya gefen, shi ma na faɗa. Da aka ba mu jiharmu ta Zamfara ma'aikata suka yi ƙaranci, aka tura ni Shinkafi in riƙe ɗakin haihuwa na wani lokaci. Kin tuna, lokacin da nake zuwa gida ƙarshen mako kawai. Wata rana manya suka zo daga Gusau tare da wata Baturiya mai aikin rigakafin yara, aka tara mu taro. Ɗakin cike da samari masu digiri, kowa na zuba Turanci. Aka tsara za a fita ƙauyukan wajen iyaka ranar Alhamis.

Ni kuwa na san Alhamis ce kasuwar Shinkafi. Duk wani magidanci na ƙauyukan nan yana kasuwa da dabbobinsa tun safe, kuma babu matar da za ta miƙo ɗanta a ɗiga masa magani maigida ba ya nan. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tsaya ina lissafi: "in Thursday" ne, ko "on Thursday", ko "at Thursday"? Na san amsar fa, Zulai, a gida ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa. Amma idon samarin nan ya sa ta gudu. Na ce a raina, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kafin in gama shawara an wuce zuwa maganar man mota.

Ranar Alhamis muka fita. Gari bayan gari, sai tsofaffi da awaki. Matan suna gaishe mu ta bayan zana, suna cewa, "Ku yi haƙuri, maigida ya tahi kasuwa." Rana ta take, ƙanƙarar akwatin magani ta fara narkewa, muka juyo ba mu yi rabin abin da muka fita yi ba. A mota Baturiyar ta tambaya, cikin gajiya, shin babu wanda ya san haka za ta faru? Na ce ni na sani. Ta ce me ya hana ni faɗa? Na gaya mata. Ta ce, "Sister, ko cewa kika yi Thursday market, men go, da na gane."

Yaran da ba mu samu ba ranar sai da aka sake fita dominsu, wasu iyayen kuma sun riga sun tafi da shanu. Wannan ya fi kuskuren Zurmi ci min rai, don can rashin sani ne, nan kuwa tsoron dariya ne. Ga ƙa'idar, ki riƙe: ranaku "on", watanni da shekaru "in", ƙarfen agogo "at". Amma in kina da maganar da za ta amfani mutane, ki faɗe ta ko da ƙa'idar ta gudu. A gyara miki daga baya.

Labari na ƙarshe ban taɓa ba ki shi ba, kina ɗakin kwanan ɗalibai lokacin. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ne. Mu a gidanmu murna muke, kin sani, babanki har Gusau ya je. Amma maƙwabtanmu Kiristoci hankalinsu bai kwanta ba. A nan Ƙaura babu wanda ya taɓa su, sai dai labaran tashin hankali suna zuwa daga wasu garuruwa, danginsu na can gida suna ta aiko musu su tattara su dawo. Kowace safiya sai ki ga wata mota ta ɗauki katifu ta nufi kudu.

Wata ranar da hantsi Maman Ngozi ta shigo. Gwaggonki Hajiya Kulu tana nan da wasu mata biyu, muna tsinkar zogale. Ta gaishe su, ta zauna kusa da ni a bakin murhu, ta yi ƙasa da murya ta koma Turanci, kamar yadda muka saba in ba ma son a ji. Ta ce ƙanenta ya aiko da mota za ta zo jibi. Ta ce ita Ƙaura ce gidanta, a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta binne ɗaya. Ta ce, "Ki faɗa min gaskiya, me ke cikin zuciyarki?"

Abin da ke zuciyata shi ne kwana nake ina tunaninsu, ina addu'a kada wani ɗan iska ya fake da addini ya taɓa su. Na kama hannunta na ce, "My sister, I am afraid of you."

Ta zare hannunta a hankali. Matar da ta shekara goma sha tana gyara min Turanci ko a tsakiyar kasuwa, ranar ba ta gyara ba. Ta miƙe ta ce wa su Hajiya sai an jima, ta fita. Na ɗauka nauyin zancen ne ya tashe ta.

Bayan azahar sai ga ƙaramin ɗanta da babbar tukunyata, wadda ta ara tun bikin Kirsimeti nake ce mata ta bar ta a can. An wanke ta tas. Ya ajiye ya ce mamansa ta ce an gode. Hajiya Kulu ta dubi tukunyar ta dube ni, ta ce, "Ke, mi kinka ce ma matar nan? Wagga tukunya ba lahiya ta maido ta ba."

Na tsaya ina juya maganar a kaina, kalma bayan kalma, ina mayar da ita Hausa. Da na iso kan "of" sai na gane ɓarnar da na yi. Ce mata na yi ina jin tsoronta. A irin wannan lokaci, da kowa ke kallon maƙwabcinsa a kaikaice, ta zo ta tambaye ni abin da ke raina, na ce mata tsoronta nake ji.

Ko mayafi ban tsaya nema ba, zanen da ke kan igiya na yafa. Na same ta a tsakar ɗaki tana cusa kaya cikin buhu, ta juya min baya. Ban sake taɓa Turanci ba. Na ce, "Maman Ngozi, dube ni. Ba tsoronki nake ji ba. Jiye miki tsoro nake. Wallahi jiye miki nake."

Hannunta ya tsaya a bakin buhun. Ta san Hausa sarai, ta san bambancin. Ta juyo, idonta jawur. Ta ce, "For." "Afraid for you. Maman Zulai, for." Ta zauna kan buhun ta fashe da kuka, na zauna a ƙasa na riƙe gwiwoyinta. Ta ce tun da ta fita daga gidana take cewa, in har ni ina tsoronta, to babu sauran wanda ya rage mata a garin nan.

Da babanki ya dawo na ba shi labari. Ya sa hularsa ya je ya sami Baban Ngozi a shago, ya zauna a bencinsa har magariba inda duk mai wucewa zai gan shi. Washegari ma haka. Motar ƙanenta ta zo, ta ɗauki yaran suka yi hutu a can suka dawo. Ita da mijin ba su je ko'ina ba. Tana nan a rumfarta, jiya ma ta ce in gaya miki kada ki yarda a sayar miki da manjan da ya yi kwantai.

Abin da nake so ki ɗauka a nan, yanzu ke ce baƙuwa a garin mutane, kuma sun ji labarai iri-iri a kan jiharmu. Za su tambaye ki, wasu da neman sani, wasu da tsokana. In magana ta kai ga zuciya, ki rage gudu. Ki auna ƙananan kalmomin nan kafin ki sake su, sannan ki dubi fuskar wanda kika faɗa wa. In kin ga ta canza ba yadda kika zata ba, kada ki bari ya tashi. Ki ce, tsaya, me ka ji na ce? Ki sake faɗa ta wata hanyar. Kuma in wani ya faɗa miki magana da Turanci ta soke ki, ki ba shi irin wannan uzurin, don shi ma ba harshen uwarsa ba ne.

Ban da haka, ki riƙa karanta littafin ajin da ƙarfi a ɗakinki kafin ki shiga, kunne yana riƙe abin da ido ya manta. In yaro ya tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce masa za ki duba ki dawo gobe, kuma ki dawo ɗin. Ni dai ga shi na kusa ajiye aiki, da duk faɗuwar nan, kuma alhamdu lillahi babu abin da na nema na rasa. Matan da na karɓi haihuwarsu suna kawo min jikoki.

Saura magana ɗaya. Kin san mu ba a yabon ɗa a gaban idonsa. Innata har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce min na yi ƙoƙari ba, sai dai in tsinta a bakin maƙwabta. Ranar da muka raka ki tasha akwai abin da ya taso min har maƙogwaro, na haɗiye, na ce miki ki kula da jakarki. Da Hausa ba zai fito ba, ko a takarda. Na gwada shi da Turanci, na rasa ko "with" ne ko "for", kuma wannan kam kunya ta hana ni tambayar kowa. Sai da na faki idon ƙaninki na ɗauki ƙamus ɗinsa na duba. Ga shi:

I am proud of you.

In kin dawo kada ki tayar min da zancen.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki riƙe azkar na safe da yamma. Allah ya buɗa miki harshe, ya sa ɗalibanki su amfana da ke, ya tsare ki a zaune da tafe, ya dawo min da ke lafiya. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Innarki.